Kofin Ƙalubale da akwatin talabijin: yadda Hausawan Agege ke bibiyar ƙungiyoyin gida

Duk ranar Asabar da yamma gidajen kallon ƙwallo na Agege kan cika maƙil da matasan da suka biya kuɗin shiga domin kallon Arsenal ko Chelsea. Idan aka zo kan gasar cin kofin ƙalubale ta Najeriya kuwa, wadda a yanzu ake kira President Federation Cup, sai labari ya sha bamban. Mai son kallo ya fi dogaro da tashar kyauta, da eriyar da ke kan rufin kwano, da kuma sa'ar samun wutar lantarki.

Gasar ta girmi ƙasar kanta. An fara ta a 1945 da sunan Kofin Gwamna, ƙungiyoyin Legas kaɗai ke fafatawa, kuma Marine ce ta fara ɗaukarsa. A 1953 tawagar Kano ta doke Lagos Dynamos da ci 2-1, ta zama ta farko daga wajen Legas da ta tafi da kofin. A wancan zamanin Hausawa sun riga sun kafu a Agege, inda cinikin goro da layin dogo suka jawo su. Talabijin bai iso ba sai 1959 a Ibadan, sannan aka kafa NTA a 1977, wadda ta riƙa kai wasan ƙarshe gidajen jama'a ba tare da an biya ko kwabo ba.

Abin da ke jan hankalin mutane ga wannan gasa shi ne tsarinta na sili-ɗaya-ƙwale. Ana farawa daga matakin jihohi, ƙaramar ƙungiya na iya cin karo da babba, kuma wadda aka doke ta koma gida sai baɗi. Wadda ta yi nasara tana samun gurbi a gasar Confederation ta hukumar CAF. A 2024 El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, wadda a lokacin take rukuni na biyu, ta lallasa Abia Warriors da ci 2-0 a filin Mobolaji Johnson da ke Onikan, ta ƙara na uku a kan kofunan da ta ci a 1991 da 1992.

Ita kanta Agege ta taɓa karɓar baƙuncin wasan ƙarshe. A watan Oktoban 2017 Akwa United ta doke Niger Tornadoes ta Minna a bugun daga-kai-sai-mai-tsaron-gida a filin wasa na Agege. Filin ƙarami ne, 'yan dubbai kaɗan yake ɗauka, saboda haka mafi yawan mazauna unguwar ba su da wurin zama a cikinsa ko da wasan ya zo ƙofar gidansu. A shekarar da ta biyo baya magoya bayan Sai Masu Gida suka ɗanɗana kuɗarsu a Asaba, inda Kano Pillars ta yi gaba da ci uku, Enugu Rangers ta farke su duka, sannan ta yi nasara a fanareti. A 2019 Pillars ta share hawayenta a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna, ta doke Tornadoes. Mahauci a mayankar Oko-Oba ko ɗan goro a kasuwar Agege ba zai rufe sana'arsa ya nufi Asaba ko Kaduna ba. Allon talabijin ne kaɗai ke haɗa shi da ƙungiyar garinsu.

Matsalar ita ce ba kasafai ake haska zagayen farko na gasar ba. Ɗaukar wasa kai tsaye na buƙatar motar watsa shirye-shirye, kyamarori da dama, ma'aikata da man janareto, kuma tashar kyauta ba ta da hanyar mayar da kuɗinta sai ta talla. Masu talla kuwa inda idanu suka taru suke bi, idanun kuma sun koma Turai. Yaron da ya tashi a Agege yana ganin Firimiyar Ingila duk mako, amma Pillars ko Katsina United sai jefi-jefi, ba abin mamaki ba ne ya haddace sunayen 'yan wasan Landan ya kasa kawo uku na Kano.

Ingila, wadda gasar kofinta ta faro tun 1871, ta ɗauki mataki a kan wannan. Dokar watsa labarai ta 1996 ta sanya wasan ƙarshe na Kofin FA cikin jerin wasannin da tilas a bai wa tashoshin kyauta damar nunawa. A nan gida kayan aikin suna nan: shirin sauya talabijin zuwa tsarin dijital, mai akwatin FreeTV, ya fara a Jos a 2016, ya isa Legas a 2021.

Hukumar NFF da ke shirya gasar, da NBC mai sa ido kan kafafen watsa labarai, da hedikwatar NTA duk suna Abuja. Idan suka amince cewa daga zagayen kusa da na kusa da ƙarshe za a nuna kowane wasa kyauta, a sanar da ranaku tun da wuri, a kuma tanadi sharhi da Hausa, masu talla za su san abin da suke saye, mazauna Agege da Idi-Araba da Mile 12 kuma za su san ranar da za su zauna gaban akwatinsu.