Katin Hoto a Wajen Kwamfuta: Inda Windows da macOS da Linux Suka Raba Gari

Katin hoto shi ne sashen kwamfuta da ke ɗaukar nauyin lissafin da ake bukata kafin hoto ya bayyana a allo, kuma a shekarun nan aikinsa ya zarce zane, domin masu tace bidiyo da masu zayyana gine-gine da masu horar da manhajojin ƙirƙirarriyar basira duk da shi suka dogara. A babbar kwamfutar tebur, ana soka katin ne a wani dogon gurbi da ke jikin farantin da sauran sassa ke manne da shi, wanda masu gyara ke kira madabod, kuma gurbin yana aiki da tsarin sadarwa mai suna PCI Express, ko PCIe a taƙaice. Sai dai ba kowace kwamfutar tebur ce ke da wannan gurbi ba. Ƙananan kwamfutoci irin su Mac mini da NUC, waɗanda mutum zai iya ɗauka da hannu ɗaya, da kuma irin su iMac waɗanda aka haɗe allo da injin a jiki guda, ba su da wurin da za a zura kati mai tsawon kamu ɗaya ko fiye, balle wutar da zai ci. Irin waɗannan ne ke amfana da dabarar ajiye katin a cikin wani akwati na dabam mai nasa wutar da nasa fankar, sannan a haɗa shi da kwamfutar ta waya.

Wayar da ta fi shahara a wannan aiki ita ce Thunderbolt, wadda kamfanin Intel ya ƙera tare da Apple, ta fara fitowa kasuwa a 2011, amma sai da Thunderbolt 3 ta zo a 2015 da bakinta irin na USB-C kafin dabarar ta yaɗu a kasuwa. Abin da wayar ke yi shi ne ta ɗauki saƙonnin PCIe ta fito da su waje, ta yadda kwamfutar za ta ga katin kamar a cikinta yake. Amma akwai asara a cinikin. Gurbin cikin kwamfuta yana da layuka 16 na sadarwa, waɗanda a tsarin PCIe na uku ke ɗaukar kusan gigabait 16 a daƙiƙa, alhali Thunderbolt 3 layuka huɗu kawai take bayarwa, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wancan. Gigabit 40 da ake rubutawa a jikin kwali ba duka ne na katin ba, domin abin da aka ware wa PCIe bai wuce gigabit 32 ba, kuma a kula cewa gigabit takwas ne ke yin gigabait ɗaya. Thunderbolt 5, wadda aka sanar a 2023, ta ninka wannan kaso zuwa gigabit 64, haka nan wata waya mai suna OCuLink da ake samu a jikin wasu ƙananan kwamfutoci tana kai wa wannan adadi, sai dai ita galibi ba a cire ta ko a soka ta sai an kashe kwamfutar.

Ƙarancin layukan nan ba ya nufin katin zai yi asarar kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa, domin kati yana da tasa ma'adanar, kuma da zarar an ɗora masa bayanai, yawancin lissafin a cikinsa yake yi ba tare da ya koma neman wani abu ta waya ba. Aikin da ake ɗora wa kati sau ɗaya a bar shi ya daɗe yana lissafi ba ya jin ƙuncin wayar sosai, amma wasannin kwamfuta, waɗanda ke kai-kawo da bayanai ba tsayawa, su ne suka fi jin jiki. A nan mai kwamfutar tebur irin Mac mini ya fi mai laftof sa'a, tunda allonsa dama a waje yake, sai ya zare wayar allon daga bayan kwamfutar ya mayar da ita jikin katin, ta yadda hoton da aka gama zanawa ba zai sake bin wayar Thunderbolt ya koma ciki ya cinye ɗan filin da ya rage ba. Wanda kuwa kwamfutarsa babba ce mai gurbin PCIe a ciki, ba shi da hujjar sayen akwatin waje, domin zai biya ƙarin kuɗi ne ya sami ƙasa da abin da gurbin zai ba shi kyauta.

Duk wannan batun ƙarfe ne da waya, kuma shi ne mai sauƙin. Abin da ya fi yanke hukunci a kan ko katin zai yi aiki shi ne babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, da kuma direba, wato ƙaramar manhajar da ke fassara tsakanin babbar manhaja da katin. Akwati guda da kati guda da waya guda suna iya yin aiki lafiya lau a Windows, su bukaci gyare-gyare a Linux, su ƙi motsi gaba ɗaya a macOS.

Labarin Apple shi ne ya fi nuna wannan a fili. Kamfanin ya amince da katin waje a hukumance a 2018, a macOS High Sierra 10.13.4, ga kwamfutocin da ke da furosesa na Intel da kafar Thunderbolt 3, kuma ya tsara abin da kyau ƙwarai: ana soka waya, alama ta fito a saman allo, idan za a cire sai a danna alamar a sallami katin tukuna, kamar yadda ake sallamar filash. Mac mini na 2018, mai kafofin Thunderbolt 3 guda huɗu amma da raunannen sashen hoto na Intel a ciki, kamar don wannan aiki aka yi shi. Sai dai katunan Radeon na kamfanin AMD kaɗai aka amince da su, domin daga macOS Mojave, wadda ta fito a wannan shekarar, direbobin da kamfanin Nvidia ke fitarwa don sababbin katunansa ba su sake zuwa ba. Daga nan kuma, a watan Nuwamba na 2020, Apple ya fito da nasa furosesan mai suna M1, wanda aka haɗe sashen hoto da ma'adana a jikinsa, kuma kwamfutocin wannan zuriya ba sa karɓar katin waje don nuna hoto duk da cewa kafar Thunderbolt tana nan a jikinsu. Hatta Mac Pro na 2023, wanda ke da guraben PCIe a ciki, ba ya karɓar katin hoto. Wannan mataki ya cutar da waɗanda suka sayi akwatuna masu tsada bisa amincewar kamfanin, suka wayi gari kayan ba su da amfani ga sabuwar kwamfutarsu bayan shekara biyu da 'yan watanni.

A Windows ƙofa a buɗe take, tunda Nvidia da AMD da Intel duk suna fitar da direbobinsu a can, amma matsalolin da ake gamuwa da su sun fi fitowa daga ƙasa, wato daga BIOS, manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows ta karɓi ragama. Mafi shahara ita ce kuskure mai lamba 12, inda za a ga sunan katin a jerin na'urori da alamar gargaɗi ruwan ɗorawa a gefensa, ana cewa bai sami isasshen fili ba. Dalilin shi ne kowace na'urar PCIe tana bukatar a ware mata wani yanki na adireshin ma'adana, katin hoto kuwa yanki babba yake nema, kuma idan BIOS ya riga ya rabar da filin da ke ƙasa da gigabait huɗu ga sauran na'urori, baƙon da ya zo daga baya ba ya samun mazauni. A kwamfutoci da yawa maganin shi ne a shiga BIOS a kunna zaɓin da ake kira Above 4G Decoding. Masu Mac na Intel da suka ɗora Windows ta hanyar Boot Camp sun fi kowa shan wahalar wannan kuskure, domin ba su da irin wannan zaɓin, kuma Apple ya bayyana tun farko cewa ba ya goyon bayan katin waje a Boot Camp.

Linux kuwa tana tsaka-tsaki, kuma ta yi nisa fiye da yadda ake zato. Direban AMD mai suna amdgpu yana cikin ƙwayar manhajar kanta, wato kanel, don haka katin Radeon ba ya bukatar a sauke komai, na Nvidia kuwa sai an ɗora shi dabam. Tun kanel 4.13 na 2017 aka shigar da matakan tsaron Thunderbolt, kuma wata manhaja mai suna bolt ce ke kula da amincewa da na'urar da aka soka. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne wajen gaya wa sashen da ke zana tagogi wane kati zai ɗauka a matsayin babba, da kuma wajen cire waya kwamfuta na aiki, abin da a da yakan daskarar da komai har sai da kanel 5.14 na 2021 ya kawo gyara ga katunan AMD.

Neman izinin da Windows da Linux kan yi a kwamfutoci da yawa kafin su karɓi akwatin yana da dalili mai ƙarfi, kuma bai kamata a kashe shi don gudun ɓata lokaci ba. Na'urar PCIe tana iya karanta ma'adanar kwamfuta kai tsaye ba tare da ta bi ta furosesa ba, kuma masu bincike daga Jami'ar Kambirij da abokan aikinsu sun nuna a 2019, a binciken da suka kira Thunderclap, cewa na'urar da aka shirya da mugun nufi za ta iya bin wannan hanya ta kwashe sirrin da ke ciki.

Ga wanda ke son akwati ɗaya ya yi masa hidima a manhajoji biyu ko uku, jerin zaɓin ya kamata ya fara daga manhajar da ta fi tsauri. Idan Mac na Intel na cikin lissafi, dole katin ya zama Radeon daga cikin waɗanda Apple ya lissafa, shi kuma zai yi aiki a Windows da Linux. Sannan a tabbatar da kafar, domin bakin USB-C iri ɗaya ne a ido ko da kuwa ba ya ɗaukar PCIe, kuma tsarin USB4 na 2019 bai wajabta wa kowace kwamfuta ɗaukarsa ba, don haka alamar walƙiya a gefen kafar ko takardar bayanin kwamfutar ce abin dubawa. A wuraren da ake ɗauke wuta ba zato, kamar yadda aka saba a Nijeriya da Nijar, akwai ƙarin abin lura, domin akwatin yana da nasa filogi, kuma babban kati na iya cin wat 300 ko fiye. Idan kwamfutar na kan batirin ko-ta-kwana amma akwatin na kan wutar gari, ɗaukewar wuta daidai take da fizge kati ana tsakiyar aiki, saboda haka dole a ɗora su biyun a kan batiri ɗaya wanda zai iya ɗaukar nauyinsu tare da allon.