Gajiyar Da Barci Ba Ya Maganinta: Abin Da Ke Cin Matan Kasuwa A Salaga, Yendi Da Bawku

Sanin kowa ne cewa rabin hada-hadar kasuwanninmu a hannun mata take, kama daga masu albasa a Bawku, da masu doya da man kaɗanya a Yendi, har zuwa masu ƙyafaffen kifin da ake hauro da shi Salaga daga Makango. Mace kan tashi tun kafin assalatu ta dama koko, ta sallami yara, ta wuni a rumfa, ta dawo ta ɗora tuwo. Don haka idan ta ce ta gaji ba mai mamaki, sai a ce mata sannu, aiki ne. To amma gajiya iri biyu ce. Akwai wadda barcin dare ɗaya ke wankewa, akwai kuma wadda mace ke kwana da ita ta tashi da ita wata da watanni, ga jiri, ga bugun zuciya in ta ɗauki ɗan kaya, ga mantuwa wajen ba da canji. Wannan ta biyun ciwo ce, kuma sau da yawa sunanta ƙarancin jini.

Binciken lafiyar jama'a da aka gudanar a faɗin Gana a 2022 ya nuna kashi 41 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, masu juna biyu kuwa wajen rabinsu. Wato a layin mata goma da ke kasa kaya, huɗu jininsu bai kai ba. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, macen da awon jininta ya gaza 12 tana da ƙarancinsa, mai ciki kuma in ya gaza 11. Jini shi ke dakon iskar da muke shaƙa zuwa ga gaɓoɓi, kuma ba ya ƙeruwa sai da sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci. Mace mai al'ada na bukatar wannan sinadari ninki biyu na abin da namiji ke bukata, amma a gidajenmu da yawa tsokar nama a kwanon maigida take sauka.

Ta ina jinin ke zurarewa? Na farko al'ada mai yawa, wadda kan wuce kwana bakwai ko ta zo da gudaji, wani lokaci saboda ƙari a mahaifa, abin da kunya ke hana mata faɗa. Sai haihuwa a kai a kai, domin kowane ciki yana kwashe ajiyar jikin uwa, shi ya sa masana ke ba da shawarar hutun shekara 2 kafin wani cikin. Ga zazzaɓin cizon sauro da ke farfasa ƙwayoyin jini duk damina. Ga tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafa, da tsargiya ga masu shiga ruwa a bakin tafkin Bolta.

Akwai kuma wata ƙofa da mu 'yan kasuwa muka buɗe da hannunmu, wato ƙwayoyin ciwon jiki da ake talla a faranti a tasha da bakin iyaka. Ire-iren ibuprofen da diclofenac, in aka mayar da su abin sha kullum, musamman ba a ci komai ba, suna ƙwarzane tumbi ya riƙa tsiyayar da jini kaɗan-kaɗan ba a gani. Mace ta sha don ta iya tsayuwa a rumfa, maganin kuma yana ƙara mata abin da ke kayar da ita. Haka farar ƙasa da mata ke saye suna ci: yawan kwaɗayinta, ko na tauna ƙanƙara, alama ce ta ƙarancin sinadarin ƙarfe, kuma ita kanta tana tare ɗan wanda aka ci.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne yadda kuɗi ke tafiya a banza. Ana haɗa lemon malt da madarar gwangwani a ce yana ƙara jini. Daɗi dai akwai, ƙarfe kuwa babu na kirki. Wasu su yi ta sayen kwalaben maganin ƙarin jini ba tare da sanin inda jinin ke fita ba, tamkar mai ɗura ruwa a randa mai huji. Alhali awon jini ɗigo ɗaya ne daga yatsa, ana yin sa a asibitin gwamnati na Salaga, da na Yendi, da asibitin Presbyterian na Bawku. Tsarin inshorar lafiya na ƙasa da aka kafa a 2003 ya sauƙaƙa kuɗin, kuma tun 2008 aka shigar da masu juna biyu kyauta. A wurin awon ciki ana ba da ƙwayar ƙarin jini da ta rigakafin zazzaɓi. A 2017 kuma aka fara raba wa 'yan mata ƙwaya ɗaya duk mako a makarantu, kuma yankin Arewa da na Upper East suna cikin huɗun farko. Sai dai yarinyar da ke talla ko jiran rumfa ba ta cikin aji, saboda haka sai uwarta ta tambaya a ƙaramin asibitin unguwa.

Wadda aka ba ƙwayar ta sani bayan gida zai yi baƙi, cikin na iya ɗaurewa, wannan ba abin tsoro ba ne. Kuskuren da ake yi shi ne a daina sha da zarar ƙarfi ya dawo bayan mako biyu ko uku, alhali ana son a ci gaba kamar wata 3 bayan jinin ya daidaita don rumbun jiki ya cika. A kuma ɓoye ta daga yara, domin tana musu illa ƙwarai.

Batun abinci ba sai an nemo na Turai ba. Hanta ko sau ɗaya a mako (ban da mai ciki, ita sai ta bi shawarar ungozoma), ƙananan kifi da ake ci har kai, wake, daddawa, zogale, alayyafo da miyar kuka duk suna nan a kasuwa. Lemon zaki ko ɗanyen tumatir tare da abinci yana taimaka wa jiki ya zuƙi ƙarfen. Shayi kuwa akasin haka yake yi, don haka a ba shi tazarar awa ɗaya ko biyu da cin abinci. Goro, wanda ya yi wa Salaga suna tun zamanin fataken Gwanja, yana buɗe ido na ɗan lokaci ne kawai, in an ci da yamma kuma ya hana barci.

Idan awo ya nuna jini lafiya lau amma gajiyar na nan, kada a tsaya. A nemi a duba sukari, da maƙoƙo, da sikila, da tarin fuka in akwai tari da rama. Damuwa ma na karya jiki: bashi, ko asarar kaya a hanya, ko zaman ɗar-ɗar irin wanda mutanen Bawku suka sha a shekarun rikici da dokar hana fita. Wadda kuwa numfashinta ke sarƙewa tana zaune, ko ƙafafunta suka kumbura, ko ta suma, ko take zubar da jini tana da ciki, ba ta jiran kasuwa ta tashi, a rufe rumfar a nemi mota.