Karyewar Hinjin Kwamfutar Tafi-da-gidanka: Wa Ke Ɗaukar Nauyin Gyara?

A cikin lalurorin da ke yawan kai kwamfutar tafi-da-gidanka teburin mai gyara, akwai guda wadda ba ta shafi ƙwaƙwalwar na'urar ko batirinta ba. Ita ce karyewar mahaɗar ƙarfen nan da ke riƙe da murfi, wadda masu gyara ke kira hinji. Ƙarfen kansa ba shi da wata tsada, amma idan ya ɓalle yakan tafi da murfin da gilashin, wani lokaci har da wayar da ke kai hoto, ta yadda ɗan kasuwa zai wayi gari da kuɗin gyara mai nauyi a kan kwamfutar da garantinta bai ma ƙare ba. A nan ne ake yin sa-in-sa da kamfanoni, mai kaya yana cewa aibi ne daga masana'anta, kamfani kuma yana cewa sakacin mai riƙo ne.

Hinjin kwamfuta ya bambanta da na ƙofar ɗaki. Na ƙofa ana so ya juya ba tare da gardama ba, na kwamfuta kuwa da gangan ake ƙera shi da tauri, domin murfin ya tsaya cak a duk inda aka bar shi. Ana ɗaure shi da ƙananan noti, su kuma notin suna shiga cikin wasu 'yan zobban tagulla da aka dasa da zafi a jikin roba. Saboda haka duk lokacin da aka buɗe murfi ko aka rufe, ƙarfin hannu yana bi ta ƙarfen ya sauka a kan wannan 'yar roba. Yau da gobe man giris da ke cikin hinjin ya bushe, ƙurar hunturu ta samu wurin zama, taurin ya ƙaru. Ita kuma robar tana shan zafi, domin a kwamfutoci da yawa ta gefen hinjin ne fanka ke fitar da iska. Ƙarshenta robar ce ke tsagewa, zobban su tumɓuke. Wato abin da ake kira karyewar hinji, sau da yawa ƙarfen yana nan lafiya lau, mazauninsa ne ya fashe.

Gasar da kamfanoni ke yi wajen sirantar da kwamfuta ta ƙara dagula al'amarin. Idan jikin ya yi siriri, bakin gilashin kuma ya tsuke, wurin da za a dasa noti ya ragu ke nan, alhali nauyin da zai ɗauka bai ragu ba.

Garantin da manyan kamfanoni ke bayarwa galibi na shekara 1 ne, kuma abin da ya ƙunsa shi ne aibin kayan ƙira ko na aikin haɗawa. Bai ƙunshi faɗuwa ko matsewa a jaka ko zubewar ruwa ba. Matsalar ita ce, robar da hinji mai tauri ya fasa da wadda ta fashe saboda an yar da kwamfuta kusan kamarsu ɗaya a idon mai dubawa. Da zarar ma'aikacin cibiyar gyara ya rubuta cewa lalacewar daga hannun mai ita ce, nauyin ya koma kan mai kaya, kuma sauya wannan rubutu aiki ne ja.

Don haka lokacin kai ƙorafi ya fi komai muhimmanci. Hinji ba ya karyewa ba tare da gargaɗi ba. Da farko murfin zai yi nauyin buɗewa, har gindin kwamfutar ya riƙa ɗagowa daga tebur. Daga nan sai a fara jin ƙara ƙas-ƙas daga kusurwa guda, sannan bakin robar da ke kewaye da gilashi ya fara buɗewa. Wanda ya kai ƙorafi a wannan mataki, kwamfutarsa ba tabo ba lotsawa, yana da hujja mai ƙarfi. Wanda ya ci gaba da tilasta murfin har gilashin ya tsage, ya ba kamfani abin kafa hujja da hannunsa. Ya kamata a ɗauki hoton na'urar ta kowace kusurwa, a kai ƙorafin a rubuce, a kuma karɓi lambar ƙorafi, domin ita ce shaidar cewa an yi magana kafin wa'adin garanti ya cika. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara zuba gam ko a kai wa mai gyara na bakin kasuwa. Alamar gam kaɗai ta isa a rufe maganar garanti.

Ba a ce kamfanoni ba sa amsa laifi ba, sai dai sukan yi hakan ne bayan koke ya yi yawa. Alal misali, a kwamfutocin MacBook Pro da Apple ya fitar a 2016, siririyar wayar da ke kai wuta ga gilashi tana lanƙwasa ne a wajen hinji duk lokacin da aka buɗe murfi. Bayan an daɗe ana amfani sai ta gaji, hasken ƙasan gilashin ya rarrabu, ko kuma ya ɗauke gaba ɗaya idan an wage murfin. A samfurin 2018 an tarar kamfanin ya ƙara wa wayar tsawon kimanin milimita 2, sannan a watan Mayun 2019 ya buɗe shirin gyara kyauta, amma ga samfurin 2016 mai inci 13 kawai. Masu mai inci 15 ba su shiga ciki ba.

A Nijeriya akwai wata tambaya da ke zuwa kafin duk waɗannan, wato shin kwamfutar tana da garantin da zai yi aiki a nan tun farko? Kayan da ake sayarwa a Computer Village da ke Ikeja, ko Banex a Abuja, ko titin Beirut a Kano, ba ta hanya guda suke shigowa ba. Akwai wanda ya fito daga dillalan da kamfani ya amince da su. Akwai sabo fil a kwalinsa amma an yi shi ne don kasuwar Amurka ko Dubai, kuma garantin irin wannan yakan kasance a ɗaure da yankin da aka fara sayar da shi, ko kuma kwanakinsa sun fara tafiya tun kafin ya iso. Sai kuma na hannu, wanda galibi garantin kamfani ya daɗe da ƙarewa, abin da ya rage shi ne alkawarin 'yan kwanaki ko makonni na mai shago. Bincika wannan ba ya cin minti biyar. Kowace kwamfuta tana da lambarta a ƙasan jikinta, kuma Dell da HP da Lenovo duk suna da shafi a intanet inda ake shigar da lambar a ga ranar da garanti ya fara da ranar da zai ƙare. A yi wannan a gaban mai shago kafin a ƙirga kuɗi, a kuma sa ya rubuta lambar a jikin rasit.

Dangane da doka, Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye. Dokar ta ba mai saye ikon mayar da kaya mai aibi cikin wata 3 da karɓarsa, a gyara masa ko a musanya ko a mayar masa da kuɗinsa. Idan mai sayarwa ya ƙi, ana iya kai ƙara hukumar ko kotu. Sai dai gaskiyar magana, wata 3 ya yi kaɗan ga irin wannan lalura da ke taruwa a hankali. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ɗora wa mai sayarwa alhakin kaya na shekara 2, kuma tun daga Janairun 2022, aibin da ya bayyana a shekarar farko ana ɗaukarsa na asali ne, sai in mai sayarwa ya tabbatar da akasin haka. Ingila ma dokarta ta 2015 ta yi irin wannan tanadi na wata 6. Amma waɗannan haƙƙoƙi tsakanin mai saye ne da shagon da ya sayar masa, ba sa biyo kwamfutar ta hannu cikin kwantena zuwa Apapa.

Ga ofisoshi da makarantu da masu cibiyoyin jarrabawa da ke sayen kwamfutoci da yawa a lokaci guda, ƙarin kuɗin da ake biya don tsawaita garanti zuwa shekara 3 abin dubawa ne, haka ma inshorar haɗari da kamfanonin ke sayarwa daban. Amfanin wannan ta biyun shi ne tana kawar da gardamar wa ke da laifi. Sai dai a tabbatar tana aiki a Nijeriya kafin a biya. Haka nan kwamfutocin da aka ƙera don ofis, irin su ThinkPad na Lenovo da EliteBook na HP, sau da yawa ana ɗaure hinjinsu ne a jikin ƙarfe, abin da ya sa tsohuwarsu kan fi sabuwa mai araha juriya ta wannan fanni.

Idan za a miƙa kwamfuta ga cibiyar gyara, a kwashe bayanan da ke cikinta tukuna, a kuma tsaya sai an rubuta halin da jikinta ke ciki a takardar karɓa. Idan kuwa garanti ya riga ya ƙare, gyaran da ke ɗorewa shi ne a sauya murfin ko ɓangaren jikin da ya fashe, sannan a ɗan sassauta notin da ke matse hinjin, a sa masa mai. Mai gyaran da ya cika wurin da gam ya bar hinjin da taurinsa, zai sake ganin kwamfutar nan da 'yan watanni.