Numfashin Jariri Ta Cikin Mesa: Abin Da Ya Kamata Iyaye Su Sani

Sau da yawa akan haifi jariri, musamman bakwaini, huhunsa bai yi ƙwari ba, har ya kasa numfashi da kansa. A manyan asibitoci likita yakan zura masa 'yar siririyar mesa ta baki ko ta hanci, ta gangara cikin maƙogwaro, sa'an nan a haɗa ta da na'urar da ke hura masa iska. Tun da yake ran yaro ya dogara ga wannan mesa, ya kamata iyaye su san yadda iska ke bi ta cikinta.

Ƙuncin Mesa

Faɗin ramin mesar da akan sa wa babban mutum milimita 7 ne zuwa 8. Ta jaririn da bai kai kilo 1 ba kuwa milimita 2.5 ce kacal, ta mai kilo 1 zuwa 2 milimita 3, ta wanda ya haura haka 3.5.

A shekarun 1840 wani likita Bafaranshe, Jean Poiseuille, ya nuna cewa in abu yana gudana sannu a hankali cikin bututu, aka rage faɗin bututun da rabi, to wahalar wucewa ba ninki biyu take yi ba, ninki 16 take yi. Watau in kaki ya lafe cikin mesa mai milimita 2.5 ya mai da ita 2, wahalar shigar iska ta fi ninki biyu ke nan. Haka kuma in mesar ta lanƙwashe. Wannan ya sa ma'aikatan jinya ke zuƙe kaki da na'ura, ake kuma ɗumama iskar a ba ta laima, don kada kakin ya bushe ya toshe hanya. In an matsa iska da sauri ainun kuwa, sai ta hautsine a ciki, kamar taron jama'a a ƙaramar ƙofa, wahalar ta daɗa ƙaruwa.

Tsawon Mesa

Numfashi ɗaya na jariri mai kilo 1 kimanin mililita 5 ne, watau cikin cokalin shayi guda. Iskar da ta tsaya a mesa ba ta isa huhu, kuma gurɓatacciyar da ta rage a ciki ita ke fara komawa. Don haka likita kan datse rarar mesar.

Ga irin wannan jariri, kimanin santimita 7 kawai akan zura daga leɓe. In ta goce kaɗan, ko dai ta fito, ko ta zarce ta shiga reshen huhu ɗaya, galibi na dama, ɗayan ya rasa iska.

Gargaɗi Ga Iyaye

1. Kada a taɓa mesa, kada a juya kan yaro ko a ɗauke shi sai da izinin ma'aikaciyar jinya.
2. Kada a ɗiga masa ruwa, ko zuma, ko wani magani a baki.
3. A wanke hannu da sabulu kafin a kusance shi.
4. Uwa ta riƙa tatsar nono tana ba ma'aikata, su za su san lokacin ba shi.
5. In na'ura ta yi ƙara, ko leɓen yaro ya yi shuɗi, a kira ma'aikata nan da nan.

Rashin jin kukan yaro kada ya tayar da hankalin kowa. Mesar ta ratsa ta inda murya ke fita ne, bayan an cire ta kukan zai komo.