Allurar da Ta Kwanta da Tiyon da Aka Toshe: Gyaran da Ke Cin Tsofaffin Motocin Diko

A mahaɗar Diko, inda hanyar Minna ta rabu da babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna, tsofaffin motoci ne ke riƙe da sufuri. Golf 3 da aka daina ƙerawa tun ƙarshen shekarun 1990, da Sharon, da Corolla, yawancinsu sun ci ƙuruciyarsu a Turai ko Amurka kafin su iso mana da sunan Beljiyam, su ne ke kwasar mutane da doya da buhunan hatsi zuwa Lambata da Suleja da Madalla. Mai zama gidan gaba ya san yadda dashbod ɗin da yawa daga cikinsu yake: allurar zafin inji ta kwanta ba ta motsi, ta fetur tana nuna rabin tanki dare da rana, maleji ya mutu, ga tsumma a ajiye kusa da gilashi domin ranar ruwa. Idan aka buɗe bonet kuma, sai a tarar an cire tamostat, an haɗa fanka kai tsaye da makulli, tiyo biyun da ke shiga hita an yanke an haɗe bakinsu. Direbobi da kanikawa da dama suna ɗaukar waɗannan a matsayin kayan alatu na ƙasashen sanyi. Ra'ayina shi ne sun yi kuskure, kuma kuskuren yana cin fetur, yana cin inji, wani lokaci ma yana jefa rai cikin haɗari.

Dalili na farko shi ne allurar zafi da hita da tamostat duk 'yan gida ɗaya ne. Ruwan da ke zagaya inji yana ɗebe zafi ya kai lagireto, iska ta sanyaya shi ya dawo. Tamostat ƙofa ce da ke rufe hanyar lagireto har sai ruwan ya kai wajen digiri 82 zuwa 88, gwargwadon irin motar, sannan ta buɗe. Hita kuwa ƙaramin lagireto ne da aka ɓoye a bayan dashbod, ruwan injin nan ne yake ratsa shi. Allurar da direba ke kallo tana karɓar labari ne daga wata 'yar sensa da ke nutse cikin wannan ruwa. Saboda haka idan hita ta daina ba da ɗumi alhali inji ya daɗe yana aiki, sau da yawa hitar ba ta da laifi: ruwa ne ya ragu, ko iska ta shige cikin tiyo, ko famfon ruwa ya gaji. Wato ita ce mai faɗakarwa ta biyu bayan allura. Wanda ya toshe ta, kuma allurarsa ta mutu, ba zai san injinsa na dahuwa ba sai ya ga tururi na tashi daga bonet, a lokacin kuwa gasket ya riga ya ƙone, wataƙila kan injin ma ya lanƙwashe.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce ƙasarmu ta zafi ce, me mutumin Diko zai yi da hita a watan Maris? A watan Maris ba ya buƙatarta, wannan gaskiya ne. Amma damina a wannan yanki tana ɗaukar kusan rabin shekara, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, kuma da zarar ruwa ya sauko aka rufe tagogi da mutum shida ko bakwai a ciki, numfashinsu yana rufe gilashin gaba da raɓa cikin 'yan mintoci. Abin da ke share wannan raɓa shi ne busasshiyar iska mai ɗumi da ke fitowa ta ramukan ƙasan gilashi. Na'urar sanyaya mota ma tana busar da iska, to amma motar haya nawa ce tata ke aiki? Abin da ya rage shi ne direba ya riƙe sitiyari da hannu ɗaya yana goge gilashi da ɗayan, a kan hanyar da tirela da tankar mai suka cika. Ban ga yadda za a kira abin da ke hana wannan kayan alatu ba. Ga kuma wani amfani da tsofaffin direbobi suka sani: idan mota ta fara ɗaukar zafi a cikin cunkoso, kunna hita da fankarta har ƙarshe yana janye wani ɓangare na zafin injin, ya ba mutum damar isa wurin da zai tsaya lafiya.

Batun tamostat ya fi wannan tsanani, domin a nan ne al'adar ta yi jijiya. Mota tana isowa, kafin ma ta nuna wata matsala, sai a ce a cire shi don kada ta yi zafi. Inji kuwa an gina shi ne ya yi aiki a kusan digiri 90, ko a Jamus yake ko a Neja. Idan ya kasa kai wannan zafi, kwamfutar motar tana ɗauka har yanzu bai gama ɗumama ba, sai ta ci gaba da zuba fetur fiye da kima. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin mai daga bangon silinda, yana baƙanta fulogi, ƙarfe na cin ƙarfe a hankali. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, wannan asara ta zama abin da direba ke ji a aljihunsa kowace yamma, ko da bai san ta ina take shigowa ba. A wasu injunan ma tamostat ɗin ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ba tare da ya je lagireto ba, don haka cire shi yana iya jawo zafin da ake gudu. Na yarda cewa idan tamostat ya maƙale a rufe a tsakiyar hanya, bakanike ya yi daidai in ya cire shi don motar ta isa gida. Haka kuma hitar da ke yoyo, wadda ake ganewa da jiƙewar kafet ta gefen fasinja da wani wari mai zaƙi-zaƙi, toshe ta na ɗan lokaci dabara ce mai kyau, tunda kwance dashbod aikin yini ne. Inda aka ɓata shi ne mayar da dabarar gefen hanya ta zama gyaran dindindin. Zafin injin yawanci daga wani wuri yake fitowa: lagireton da tsatsa ta toshe saboda ruwan rijiya da ake zubawa maimakon ruwan sanyaya inji, ko murfin lagireto da ya daina riƙe matsi. Murfi mai lafiya yana ɗaga zafin da ruwa ke tafasa zuwa wajen digiri 120, lalataccen kuwa yana barin ruwa ya tafasa da wuri.

Game da allurai kuma, wasu za su ce gyaran wayarin ba shi da ƙarshe, gara a bar kaza cikin gashinta. Wannan tsoro yana da tushe, domin mutane da yawa sun sayi kaya bayan kaya a kan zato. Amma laifin zato ne, don yawancin waɗannan matsaloli suna bayyana kansu ga wanda ya bi su daki-daki. Idan dukan allurai suka mutu lokaci guda, fis ko wayar da ke ɗaure da jikin mota ake fara dubawa. Idan ta fetur da ta zafi suka riƙa yin ƙarya tare, a tsofaffin motoci abin zargi shi ne 'yar na'urar da ke daidaita musu wuta a bayan allon. Idan ta zafi ce kaɗai, kuma sensarta mai waya ɗaya ce, rewaya yana taɓa wayar da jikin inji na ɗan lokaci: allura ta tashi, to allo da waya lafiya suke, sensa ce ta mutu. Ta fetur kuma tana dogara ne da wani abu mai yawo a kan mai cikin tanki, wanda ke cinyewa ko ya maƙale. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da wurin jona na'urar bincike, wadda za ta nuna ainihin zafin da kwamfuta ke gani a gwada da abin da allura ke faɗa.

Ɓangaren iska ma haka yake. Fankar ciki da ba ta aiki sai a lamba ta ƙarshe, rizistarta ce ta ƙone, kuma ƙaramin abu ne da ake sauyawa ba tare da kwance dashbod ba a motoci da yawa. Iskar da ta ƙi hawa gilashi duk yadda aka murɗa maɓalli, ƙofofin da ke karkatar da ita ne suka saki, ko wayar da ke jan su ta zame. A Golf, soson da ke rufe waɗannan ƙofofi yana ruɓewa da tsufa har gutsattsarinsa su riƙa fitowa ta ramukan iska.

Saura maganar kuɗi, kuma ba na raina ta, don direban da zai kai balas da yamma ba ya son motarsa ta kwana a gareji. Sai dai a auna: sensa da tamostat da murfin lagireto, duka ukun ba su kama ƙafar kuɗin gasket da gyaran kan inji ba, balle sayen wani injin, balle kwanakin da mota za ta yi a ajiye. Ƙungiyar kanikawa ta NATA da shugabannin tashoshin mota suna da bakin da za su sa wannan cikin abin da ake koya wa yaran gareji da sababbin direbobi. Mai sayen tsohuwar mota kuma yana da gwajin da ba ya cin ko sisi: ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da inji ba, ya ga ko fitilar baƙin mai da ta batir da ta inji sun kama. Wadda ta ƙi kamawa, ko ƙwanta ya mutu ko wani ya cire shi da gangan, kuma ya kamata ya san dalili kafin ya biya kuɗi.