Kogin Sakkwato daga ƙasar Funtua ya taso

A birnin Landan, kusa da tashar jirgin ƙasa ta King's Cross, akwai gidan tarihin da aka buɗe a 1992 domin labarin hanyoyin ruwan da Turawa suka haƙa don dakon kaya. Mai ziyara yakan shiga wani siririn jirgi ya ga ɗan ɗakin da iyali guda suke kwana da girki a ciki, a zamanin da doki ke jan jirgin da igiya daga gaɓa. Ginin ma tsohon rumbun ƙanƙara ne da ake kawowa daga Norway.

Audugar Funtua da Malumfashi ba ta taɓa hawa irin wannan jirgi ba. Jakuna suka kai ta gidan gurza, jirgin ƙasa na layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya kwashe. Namu ruwan na ban ruwa ne da sha, amma tarihinsa bai gaza nasu ba. Ɗalibai nawa ne a Funtua suka san cewa Kogin Sakkwato daga yankinsu ya taso? Daga nan yake gangarawa ta Gusau, ya haɗu da Rima a kusa da Sakkwato, ya ƙare a Kogin Kwara. A hanya aka datse shi a Bakolori, wajen Talatar Mafara, aikin da aka kammala a 1978. Manoman da aka raba da gonakinsu suka tsaya kan a biya su diyya, a Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe masu wuta, aka rasa rayuka da dama. Madatsar ruwa ba alheri zalla ba ce, ya danganta da inda gonarka ta faɗo.

A gida kuma ga madatsar Mairuwa da ta Gwaigwaye, ga shirin bunƙasa noma na Funtua da Bankin Duniya ya tallafa wa a tsakiyar shekarun 1970, ɗaya daga cikin ukun farko a Najeriya tare da na Gusau da Gombe.

Ni da za a ware ɗaki a Funtua don wannan tarihi, jigo zan fara kafawa a tsakiyarsa. Gwafanni biyu a bakin rafi, doguwar sanda a gicciye, curin laka a gindinta, igiya da ƙwarya a ɗaya bakin. Mai lambu ya janyo igiyar ƙasa, nauyin lakar ya ɗago ruwan, ya juye a magudana, yaro kuma yana can da fartanya yana buɗe wa fangali ɗaya yana toshe wani. Da haka aka yi albasa da tumatir da alkama a fadamu tun kafin injin ban ruwa ya shigo. Dattawan da suka san yawan lakar da za a ɗaura don ta daidaita da ƙwarya suna nan da rai a ƙauyukan Bakori da Danja, sai dai yawancinsu yanzu kuɗin fetur suke lissafi.