Idan ɗan lakwal ya canza makaranta, tallafinsa zai bi shi?

Tun da aka koma lakwal a watan Oktoba, tambaya guda ke ta dawo mana ta waya da saƙon murya: yaro yana makarantar kuɗi a nan Zariya, ana taimaka masa da kuɗin karatu, sai dalili ya sa za a mai da shi wata makaranta. To, tallafin zai bi shi?

Amsar tana ga wanda ya ba da tallafin, da kuma hannun da kuɗin suke ranar da yaron zai tashi.

Abin da mu da yawa muke ce wa bursi a makarantar kuɗi, ragi ne kawai. Mai makaranta ya ga yarinya tana zuwa ta ɗaya, ko marainiya ce, ko gidansu na da yara uku wurinsa, sai ya ce ta biya rabi. Babu wasu kuɗi da aka ajiye da sunanta. Makarantar ce ta yafe wani abu daga haƙƙinta, ranar da yarinyar ta fita ƙofa kuwa ragin ya tsaya nan.

Mu ɗauki misali. Kuɗin shekara jaka 120, an yafe mata 60. Ɗiyar Jiratawa ce, tana zaune wurin gwaggonta a Zariya. Sai aka yi wa mijin gwaggo canjin wurin aiki, dole a nemi wata makaranta kusa da wani ɗan'uwa. Uban ya sayar da wakensa daidai jaka 60 da ya saba, ya je, aka ce masa a nan cikakken kuɗi ne. A irin wannan gaɓar muke rasa yara, musamman mata. Sai a ce ta zauna gida zuwa baɗi, kafin baɗi kuwa ka ji an sa rana. Da uban ya fara kai bilitan ɗinta sabuwar makarantar ya nemi ragi tun ba a cire ta ba, da ya san inda ya tsaya.

Sai ku ƴan'uwa da ke Abijan, Legas, Libiya ko Saudiyya, masu biya wa ɗan ƙane ko ɗiyar yaya. Kuɗinku suna bin yaro duk inda ya je, amma fa waɗanda ba su riga sun shiga asusun makaranta ba. Da yawanku kuna aiko na shekara gaba ɗaya ta Nita ko Amana, a kai wa darakta kai tsaye, don kar buƙatar gida ta cinye su. Wallahi ba mu ga laifinku ba. Sai dai idan yaron ya tashi a watan Janairu, maido da sauran ya danganta da dokar makarantar, kuɗin rajista kuwa da wuya su dawo. Makarantu da yawa suna karɓar biya kashi biyu ko uku. Ku biya haka, ku ce a ɗauko muku hoton resi kowane karo. Ku tuna kuma a 2025 gwamnati ta ba da umurnin rage kashi 20 cikin 100 na kuɗin makarantun kuɗi, don haka ku tambayi farashin bana, kar ku aiko da lissafin da.

Idan ƙungiya ce ke biya, a duba takardar da aka sa wa hannu. Wata da yaron ta yi alkawari, wata da makarantar, ta ɗauki nauyin kujeru kaza. A irin ta biyu, in ya tashi, wani za a ɗora a kujerarsa. A sanar da su a rubuce kafin a motsa. Kar kuma a haɗa duk wannan da bursin ANAB, wanda ɗaliban jami'a irin ta Ɗan Dikko Ɗankulodo ke nema.

Saura takardu, kuma nan ne rigima ta fi yawa. Sabuwar makaranta, ta kuɗi ce ko CEG ta gwamnati a Tsibiri, za ta nemi bilitan da takardar shaidar karatu. Idan mai tallafi ya bar bashin kashi na ƙarshe, tsohuwar makaranta kan riƙe su har sai an biya. Uba bai ci bashi ba, amma ɗansa ne zai zauna gida.

Masu yara a ajin jarrabawar BEPC ko BAC, mu dai shawararmu, in ba dole ba kar a taɓa su tsakiyar shekara. Ta hannun makaranta ake shigar da takardun jarrabawa. Idan tashin ya zama tilas, a fara tambayar darakta ko sunan yaron ya riga ya tafi, da kuma cibiyar da zai zauna.